SHARHI: Yadda masu garkuwa da kwamfuta da tsadar kuɗin ruwa suka haɗu a kan baitulmalin kamfanoni

A ƙarshen watan Satumba na 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za ta tsaya wa kamfanin ƙera motoci na Jaguar Land Rover domin ya karɓi rancen fam biliyan 1.5 daga bankunan kasuwa. Kamfanin bai yi gobara ba, kasuwar motocinsa ba ta mutu ba, ma'aikatansa kuma ba yajin aiki suka tafi ba. Masu kutse ne suka shiga kwamfutocinsa a ƙarshen watan Agusta, aka tsayar da masana'antunsa tun daga 1 ga Satumba, sai a mako na biyu na Oktoba aka fara komawa aiki sannu a hankali. Wata cibiya mai bin diddigin irin waɗannan hare-hare a ƙasar, Cyber Monitoring Centre, ta ƙiyasta cewa tattalin arzikin Birtaniya ya yi asarar fam biliyan 1.9, kuma abin ya taɓa kamfanoni da cibiyoyi fiye da 5,000.

Yawancin rahotannin da aka yi a lokacin sun karkata ne ga su wane ne maharan da kuma ƙofar da suka bi suka shiga. Amma irin agajin da gwamnati ta kawo ya nuna inda ciwon yake. Lamunin bashi ta bayar, saboda ɗaruruwan ƙananan kamfanonin da ke sayar wa Jaguar Land Rover kayan haɗa mota sun wayi gari ba oda, ba biya, ga albashi da kuɗin haya da bashin banki na jiran su. Harin da ya fara a ɗakin kwamfuta ya ƙare a teburin ma'aji, kuma ya same shi a zamanin da kuɗin ruwa ya yi tsadar da aka daɗe ba a ga irinta ba.

A kowane babban kamfani akwai wani sashe da ba a cika jin sunansa a labarai ba, wato baitulmali. Aikin shugabansa, ma'ajin kamfani, shi ne ya san kowace safiya nawa ne ke cikin asusun kamfanin a bankuna daban-daban, nawa ake sa ran zai shigo, nawa ne kuma dole ya fita kafin a tashi: albashi, kuɗin kaya, haraji, da biyan bashi. Idan an sami rara, shi ke neman inda za a ajiye ta ta haifi riba. Idan an sami giɓi, shi ke neman rance. Tun asali haɗarin da aka horar da shi a kai shi ne hawa da saukar kuɗin ruwa da na canjin kuɗi. Batun kutse kuwa an bar wa sashen fasahar sadarwa, wanda a kamfanoni da yawa ko rahoto ba ya kai wa ga ma'aji. Abubuwan da suka faru daga 2023 zuwa yau sun nuna cewa wannan rabon aiki ya tsufa.

Garkuwa ba tare da shiga daji ba

Ga mai karatu a arewacin Najeriya, tsarin ba baƙo ba ne. Mahari yana kama abin da mutum ba zai iya rayuwa ba tare da shi ba, ya yanka farashi, ya ba da wa'adi. Bambancin kawai shi ne abin da aka kama bayanai ne. Manhajar garkuwa tana shiga kwamfutocin kamfani ta wata ɓaraka, ko ta kalmar sirrin da aka sace, ta kulle duk fayilolin da ta samu da wani makulli wanda maharan kaɗai ke riƙe da shi. Kafin su kulle sukan kwashi kwafi, ta yadda ko kamfani yana da ajiyar bayanansa a wani wuri, za su iya yi masa barazanar tona asirin abokan cinikinsa. Da kuɗin intanet, galibi Bitcoin, ake biyan fansa.

Sana'ar ta kai matsayin da ake ba da hayar kayan aiki. Ƙungiyar LockBit, alal misali, ita ke ƙera manhajar, wasu su ɗauka su kai hari, ita kuma ta karɓi kashi 20 cikin 100 na abin da aka samu. Ma'aikatar Shari'ar Amurka, a tuhumar da ta yi wa wani ɗan Rasha mai suna Dmitry Khoroshev a watan Mayu na 2024, ta ce ƙungiyar ta kai wa mutane da cibiyoyi fiye da 2,500 hari a ƙasashe 120, ta kuma karɓi aƙalla dala miliyan 500. Kamfanin Chainalysis mai bin sawun kuɗin intanet ya ce fansar da aka biya a duniya ta haura dala biliyan 1 a 2023, sannan ta sauka da kusan kashi 35 cikin 100 a 2024, bayan da hukumomin Birtaniya da Amurka suka ƙwace rumbunan LockBit a watan Fabrairun shekarar. Sai dai, kamar yadda za a gani, kuɗin fansa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Daren da aka bi reshen banki bashin dala biliyan 9

Babu misalin da ya fito da lamarin fili kamar abin da ya sami bankin ICBC na ƙasar Sin, wanda ya fi kowane banki a duniya yawan kadarori. Ranar 8 ga Nuwamba 2023 aka kulle kwamfutocin wani ƙaramin reshensa da ke birnin New York, ICBC Financial Services. Reshen dillali ne, aikinsa kammala cinikin takardun lamunin gwamnatin Amurka a madadin wasu masu zuba jari. Kasuwar waɗannan takardu, wadda girmanta ya kai kimanin dala tiriliyan 26 a lokacin, ita ce ma'aunin da duniya ke auna farashin bashi da shi. Daga ita ake lissafa ruwan da za a ɗora wa gwamnatoci irin na Najeriya da Gana idan suka fita neman rance da dala.

Masu bincike sun danganta kutsen da wata ɓaraka a manhajar Citrix, wadda ma'aikata ke amfani da ita su shiga kwamfutar ofis daga nesa. Kamfanin da ya ƙera manhajar ya riga ya fitar da gyara tun 10 ga Oktoba, kusan wata guda kafin harin. LockBit ta ɗauki alhaki.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Bankin BNY Mellon, wanda ta hannunsa ake kammala cinikin waɗannan takardu, ya katse haɗinsa da reshen don kada cutar ta yaɗu. Ciniki ya riga ya ƙullu, takardu na shigowa, amma reshen ba shi da hanyar aika umarnin a miƙa su ga masu su a karɓo kuɗi. Kafofin labaran kasuwanci sun ruwaito cewa har ta kai ana ɗaukar bayanan ciniki a ɗan ƙaramin filash ana kaiwa da ƙafa a cikin Manhattan, ma'aikata kuma suka koma amfani da Gmail saboda imel ɗin ofis ya mutu. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa cinikin da ya maƙale ya bar reshen da bashin dala biliyan 9 na BNY Mellon, adadin da ya ninka jarinsa sau da yawa. Sai da uwar bankin ta turo kuɗi daga gida aka rufe ramin.

A nan ne kuɗin ruwa ya shigo. A wancan makon ruwan bashin kwana ɗaya a kasuwar Amurka yana wajen kashi 5.3 cikin 100 a shekara. A kan wannan farashi, riƙe dala biliyan 9 na dare ɗaya tak ya kai kimanin dala miliyan 1.3. Shekara biyu kafin nan, a Nuwamban 2021, ruwan yana kashi 0.05, wato dare ɗaya bai wuce dala 12,500 ba. Wannan lissafi ne na misali, ba abin da bankin ya biya ba, amma ya isa ya nuna cewa hari iri ɗaya, da ɓaraka iri ɗaya, farashinsa ya ninka fiye da sau 100 saboda kawai lokacin da ya faɗo.

Washegari, 9 ga Nuwamba, Baitulmalin Amurka ya yi gwanjon takardun lamuni na shekara 30 na dala biliyan 24, kuma masu saye ba su fito kamar yadda aka saba ba, har sai da ruwan ya ɗaga. Wasu 'yan kasuwa sun ɗora laifin a kan ruɗanin ICBC. Sakatariyar Baitulmali ta lokacin, Janet Yellen, ta ce ba su ga tasirin harin a kasuwar ba. Kowane ɓangare yana da hujja, domin kasuwar ta riga ta kasance a tsorace: makonni kaɗan kafin nan ruwan takardar shekara 10 ya taɓa kashi 5, karo na farko tun 2007. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, da reshen ba shi da uwa mai zurfin aljihu irin ICBC, da ba a san inda labarin zai tsaya ba. Wani mai magana da yawun LockBit ya shaida wa Reuters cewa an biya fansa, iƙirarin da ba a tabbatar ba. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta sami reshen da gazawa wajen adana littattafan lissafinsa daidai na tsawon watanni bayan harin, ko da yake ba ta ci shi tara ba saboda haɗin kan da ya bayar.

Ajiyar da ta rage daraja tana kwance

Ɗaya gefen lamarin ba ya buƙatar mahari ko ɗaya. Daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.50 domin yaƙi da hauhawar farashi. Ƙa'idar kasuwar lamuni ita ce, idan ruwa ya hau, darajar tsofaffin takardu takan faɗi. Wanda ya sayi takardar dala 100 mai biyan dala 2 a shekara na tsawon shekara 10, idan sababbin takardu suka koma biyan 4.5, babu mai sayen tasa sai a wajen dala 80. Idan ya iya haƙuri har wa'adi ya cika, zai karɓi dala 100 ɗinsa cif. Asarar tana zama ta gaske ne ranar da larura ta tilasta masa sayarwa.

Wannan larurar ce ta kashe bankin Silicon Valley, na 16 a girma a Amurka. Ya kwashi kuɗin ajiyar kamfanonin fasaha a lokacin yalwa ya zuba a takardu masu dogon wa'adi. Zuwa ƙarshen 2022 asarar da ke kwance a littafinsa ta kai wajen dala biliyan 15. Binciken da Babban Bankin Amurka ya fitar a watan Afrilu na 2023 ya nuna cewa bankin ya warware yarjejeniyoyin da ke ba shi kariya daga hawan ruwa domin ya nuna riba ta ɗan lokaci, kuma ya shafe mafi yawan 2022 ba shi da babban jami'in kula da haɗari. Ranar 8 ga Maris 2023 ya sanar cewa ya sayar da takardun dala biliyan 21 a kan asarar dala biliyan 1.8. Washegari masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya. Ranar 10 ga Maris hukuma ta rufe shi.

Ba bankin kaɗai ya kwana da fargaba a ƙarshen makon ba. Ma'ajin kamfanoni da dama sun tara kuɗinsu a wuri guda, alhali inshorar gwamnati ba ta wuce dala 250,000 ga kowane mai ajiya ba. Kamfanin Circle yana da dala biliyan 3.3 a ciki, Roku yana da kusan dala miliyan 487. Da gwamnati ba ta tsaya wa dukkan masu ajiya ba ranar Lahadi, da kamfanoni masu yawa ba su biya albashin wannan watan ba.

To, a haɗa labaran biyu. Kamfanin da aka kulle wa kwamfuta ba ya iya fitar da takardar neman biya, ba ya iya tantance wanda ya biya da wanda bai biya ba, wani lokaci ko loda kaya ba ya iya yi. Kuɗi sun daina shigowa, amma ba su daina fita ba. Ma'aji zai juya ga ajiyar da aka tanada domin irin wannan rana, ya tarar cewa idan takardu ne masu dogon wa'adi, sai ya karya farashi kafin su zama kuɗi a hannu. Ya juya ga banki, ya tarar da rance a kan sabon farashi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika ambata ba. Banki ba ya ba da rance sai ya ga lissafi, lissafin kuma shi ne abin da aka kulle. Kamfanin sufuri na KNP a Ingila, wanda wani reshensa ya shekara 158 yana aiki, an kai masa hari a watan Yuni na 2023 ta hanyar canko kalmar sirrin wani ma'aikaci. Motocinsa sun ci gaba da tafiya na ɗan lokaci. Amma a watan Satumba ya durƙushe, mutum kusan 700 suka rasa aiki, kuma waɗanda aka naɗa su kula da rushewarsa sun ce harin ya lalata bayanan kuɗinsa har ya kasa samun sabon jari ko rance.

Hatta kayan kariyar ma ba su tsira ba. Kamfanoni kan kare kansu daga hawan ruwa ta hanyar ƙulla cinikin gaba, wanda ke buƙatar a riƙa lissafi da ƙara jingina kusan kullum. A ƙarshen Janairun 2023 LockBit ta kulle wani sashe na kamfanin ION, wanda manhajarsa ke kammala irin wannan ciniki ga bankuna da dillalai da dama a Turai da Amurka. Dole aka koma aiki da hannu, kuma hukumar da ke sa ido a kan kasuwar a Amurka ta shafe makonni tana jinkirta rahotonta na mako-mako. Ma'ajin da bai san matsayinsa ba a ranar da kasuwa ke motsi, kariyarsa ta zama wani sabon haɗari.

A biya ko kada a biya

Muhawarar biyan fansa ta fi ɗaukar hankalin jama'a, amma alƙaluma sun nuna ba a nan babbar asarar take ba. Kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka, ya biya dala miliyan 4.4 a watan Mayu na 2021, kuma duk da haka bututun ya yi kwanaki a rufe, makullin da aka ba shi kuma ya yi jinkirin da sai da aka haɗa da ajiyar bayanan kamfanin. A Fabrairun 2024 aka kai wa Change Healthcare hari, kamfanin da ta hannunsa asibitoci da shagunan magani a Amurka ke karɓar kuɗinsu daga kamfanonin inshora. Andrew Witty, shugaban uwar kamfanin, UnitedHealth, na lokacin, ya shaida wa majalisar dokoki cewa an shiga ne ta wata ƙofa da ba ta da matakin tantancewa na biyu, kuma an biya fansar dala miliyan 22. Jimillar abin da harin ya ci wa kamfanin a shekarar ta kai kusan dala biliyan 3. Ban da wannan, sai da ya raba wa asibitoci da likitoci kimanin dala biliyan 9 a matsayin rance marar ruwa don kada su rufe. Ba da rance marar ruwa a lokacin da kasuwa ke biyan sama da kashi 5 asara ce mai zaman kanta, kuma likitocin da rancen bai kai gare su da wuri ba sun nemi nasu a banki da cikakken ruwa.

Biyan ma ba kullum yake halatta ba. Tun 2020 Baitulmalin Amurka ya gargaɗi kamfanoni cewa tura fansa ga wanda ke ƙarƙashin takunkumi laifi ne, kuma a watan Yuli na 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirin haramta wa hukumomin gwamnati da masu kula da muhimman ayyuka biyan fansa baki ɗaya. Inshora kuwa, ga wanda ke da ita, takan biya ne bayan bincike, albashi kuma ƙarshen wata yake jira.

Inda Najeriya ta shigo

Idan tsadar kuɗi ce ke ƙara wa hari nauyi, to kamfanonin Najeriya na cikin waɗanda suka fi kowa zama a bakin rami. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, CBN, yana kashi 11.5. Ya kai 18.75 a Yulin 2023. Ƙarƙashin Olayemi Cardoso aka ɗaga shi sau shida a 2024 kaɗai har ya kai 27.5, sai a Satumban 2025 aka ɗan rage zuwa 27. A lokaci guda an tilasta wa bankunan kasuwanci ajiye rabin kuɗin masu ajiya a CBN, kafin a sassauta zuwa kashi 45, abin da ya rage kuɗin da za su iya rantawa. Masu masana'antu sun daɗe suna kukan cewa rancen da suke samu yana kaiwa kashi 30 ko fiye.

A ɗauki misalin kamfanin da kutse ya hana shi karɓar naira biliyan 10 na tsawon kwana 30. Idan ya cike giɓin da rance a kan kashi 30, ruwan kaɗai ya kusa naira miliyan 250. Takwaransa da ke ranta a kan kashi 6 zai biya kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Kuma manyan kamfanonin ƙasar sun shigo wannan zamani ne da rauni: bayan sakin naira a Yunin 2023, MTN Nigeria da Nestlé Nigeria da Nigerian Breweries da Dangote Sugar duk sun rufe shekarar da asara, galibi saboda bashin da ke kansu na kuɗin waje. Jarin da zai zama matashi a ranar tsautsayi ya riga ya sha duka.

Kamar yadda aka gani a Birtaniya, na ƙasa ne ke fara jin jiki. Dilan sukari ko fulawa ko siminti a Kano yakan biya kamfani kuɗi tukuna, sannan ya jira takardar lodi. Sau da yawa kuɗin na rance ne, ko na mutane da aka tara. Idan kwamfutar da ke fitar da takardar ta tsaya mako biyu, kuɗinsa na hannun kamfani, kayansa ba su fito ba, ruwa kuma yana hawa a kansa, sannan ƙananan 'yan kasuwar da ke jiran sa a kasuwar Singa su ɗaga farashi saboda ƙarancin kaya. Jaguar Land Rover ya sami gwamnatin da ta tsaya masa. Da wuya a ce akwai tanadi makamancin wannan ga dilan da ke Kano.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ma ba su fita daga lissafin ba, ko da yake mutane da yawa na zaton haka. Ribar da ake ɗorawa a cinikin murabaha da kuɗin hayar sukuk suna bin yanayin kasuwa ne. Sukuk ɗin farko na Gwamnatin Tarayya a 2017 ya biya kashi 16.47, na 2025 kuma ya biya 19.75. Wanda ke riƙe da tsohon sukuk mai ƙaramin haya, idan larura ta sa shi sayarwa kafin wa'adi, ragi zai yi kamar kowa.

Ƙasar ta riga ta ɗanɗana yadda tsayawar biya take ba tare da mahari ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama suka tsaya. A watannin ƙarshen shekarar, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya manhajar da suke aiki da ita, masu ajiya sun yi kwanaki suna fama da turawa da cirewa. A nahiyar kuma akwai misalin Transnet na Afirka ta Kudu, wanda harin garkuwa ya tilasta masa a Yulin 2021 ya sanar cewa ba zai iya cika alƙawuran kwangila ba a tashoshin jiragen ruwa irin su Durban da Cape Town.

Ta fuskar doka, an ɗan motsa. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta sa irin wannan wa'adi. Amma rahoton ga hukuma ake kai shi. A Amurka, tun Disambar 2023, kamfanin da ke kasuwar hannayen jari dole ya sanar da masu jari cikin kwanakin aiki huɗu idan ya tabbatar kutsen mai nauyi ne, shi ya sa ake iya sanin abin da ya sami UnitedHealth dalla-dalla. Ƙarancin labarin irin wannan hari a kan manyan kamfanonin Najeriya bai isa hujjar cewa ba ya faruwa ba. Babbar muhawarar da ƙasar ta yi a kan tsaron intanet a 2024 ta ƙare ne a kan harajin kashi 0.5 da CBN ya umarci bankuna su riƙa cira daga kuɗin da ake turawa, umarnin da aka janye bayan jama'a sun yi ca. An yi ta magana a kan wanda zai biya, ba a kai ga tambayar abin da za a kare da yadda za a kare shi ba.

Abin da ma'aji mai hangen nesa zai iya yi ba wani sirri ba ne, sai dai kowane mataki yana da farashi. Raba kuɗi a bankuna fiye da ɗaya yana rage ƙarfin ciniki da banki. Ajiye wani kaso a takardu masu gajeren wa'adi yana nufin haƙura da ribar da ta fi tsoka. Ƙulla yarjejeniyar rancen ko-ta-kwana tun kafin buƙata yana da kuɗin da ake biya ko ba a taɓa rancen ba. Adana jerin albashi da lambobin asusun masu kawo kaya a wurin da ba ya haɗe da kwamfutocin kamfani, tare da yarjejeniya da banki a kan yadda za a tabbatar da umarnin biya idan imel ya mutu, shi ne mafi arha a ciki, kuma shi ne aka fi mantawa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ta wata fuskar, domin ranar ruɗani ita ce ranar da 'yan damfara ke aiko da saƙon cewa an sauya lambar asusu. A lokacin da takardun baitulmalin Najeriya na shekara ɗaya suka biya sama da kashi 20, kamar yadda aka gani a 2024, duk nairar da aka bari a kwance domin tsaro sai an yi gardama a kanta a zauren daraktoci, kuma mai cewa a zuba ta ta haifi riba shi ke da alƙaluma a hannu.

Dalilin da ya sa yake da alƙaluman a bayyane yake. Ƙa'idojin lissafi na duniya da kamfanonin kasuwar hannayen jarin Najeriya ke bi sun wajabta wa kowannensu ya nuna a rahotonsa na shekara yadda ribarsa za ta canza idan kuɗin ruwa ko canjin dala ya motsa. Duk mai hannun jari zai iya buɗe shafin ya gani. Ƙa'idojin ba su nemi kamfani ya faɗi kwana nawa zai iya biyan albashi da bashi idan kwamfutocinsa suka mutu ba, ko nawa cike giɓin zai ci a kan ruwan yau. A Jaguar Land Rover tsayawar ta wuce mako biyar.